Faifan da Gwaggo Ba Ta Gama Warwarewa Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma Gwaggo ta riga mu komawa, ranar Talata bayan azahar, a ɗakin ƙurya na gidana da ke unguwar Waziriyya. Yayar mahaifina ce. Ita ta raine ni.

Kwana uku muka yi zaman makoki irin na nan Jidda, maza a kan kujeru a ƙofar gida, mata a falo, ana zagayawa da gahawa da dabino. Na zauna kusa da ƙofa ina amsa gaisuwa. Duk macen da ta shigo, kafin ta rufe baki daga Allah ya jiƙanta, sai ta ɗora da, "Ni dai na yafe mata." Ba wanda ya tambaye su. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta unguwar Ruwais ta yafe mata marin da ta yi wa ɗanta shekara ashirin da suka wuce. Wata ta yafe mata ranar da ta ɗanɗana miyarta a gidan suna, ta tambaya ko a ruwan wanki aka kaɗa kukar. Matar yayana ta yafe mata abubuwa da yawa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har gahawarta ta huce. Suna faɗa suna share hawaye, wasu kuma suna danne dariya cikin mayafi.

Mutum ɗaya ce ba ta yafe komai ba, ƙawarta 'yar Damagaram, wadda suka yi shekaru suna kasa kaya tare a lungunan Balad, tsohuwar kasuwar gari. Ta ƙi kujera, ta ƙi gahawa, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Da surutun ya ishe ta sai ta ce, "Ku yi ta yafewa. Ita dai ba ta roƙi kowa ba." Ta dube ni, ta kau da kai. Ta san abin da na sani. A duk falon nan ni ce nake neman yafiyar Gwaggo, shekara biyu ina nema, kuma ta tafi ba ta furta ba.

Rana ta biyu yayana ya sa aka kira ni bakin labule. Shi ne shugaban kwamitin Bikin Gargajiya, taron da Hausawan garin nan suke yi duk shekara bayan Babbar Sallah.

"Shi ke nan, halas, mun gama magana," in ji shi. "Bikin bana da sunan Gwaggo za a yi. Babban tebur a tsakiya, faya-fayanta duka a kai. Ki buɗe akwatinta ki ware mana."

Na ce, "Yaya, jiya aka binne ta."

Ya ce, "Na sani, ai ni na ɗauke ta. Bayan sadakar uku zan zo."

A ƙasar nan ba a rubuta suna a kabari, mata kuma ba sa shiga maƙabarta. Yayana da ya raka ta ma ya ce in ya koma ba zai iya nuna wurin ba. Shekara talatin da takwas ta yi a Jidda, babu takarda ɗaya mai ɗauke da sunanta sai wadda aka rubuta don a samu a binne ta. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba zan gyara ta ba, don ba za ta gode mini ba. Ni ma ba zan gyara kaina ba.

Umra ta zo yi, da niyyar mako biyu. Tana gari mahaifiyata ta rasu, ina da wata uku a duniya. Mijin Gwaggo ya riga ya rasu, ta baro ɗanta tilo mai shekara bakwai a hannun dangin ubansa a Gumel. Ranar da abokan tafiyarta za su koma, ta ɗaure kayanta ta zo yin sallama, ta tarar da Baba yana ɗura mini madara da cokali ina shaƙewa. Ta fizge cokalin, ta ce masa ko akuya ta fi shi dabara. Jirgi ya tashi ba ita.

Baba yana da kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya masa, ni da yayana muna ƙarƙashin iƙamarsa, wato katinsa na izinin zama. Babu gurbin da ake rubuta 'yar'uwa. Gwaggo ta zama takari, mai zama ba takarda, wadda in ta fita ƙasar ba dawowa. Ta ce in na fara tafiya za ta koma. Na fara tafiya, ta ce sai na shiga makaranta. Daga nan sai na yi aure. Na yi aure, ta ce sai ta ga ɗana, Allah kuma bai ba ni ba. Nata ɗan ya girma tana jin muryarsa a kaset, daga baya a waya. Ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya. Ta yi makokinsa a kan tabarma a Ruwais, ba wanda ya ga hawayenta, rana ta huɗu ta kasa kayanta a Balad.

Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Uwata take ce mini, ko da tana cikin yi mini faɗa. "Uwata, aljanu kike jira su wanke tukunyar nan?"

Sana'arta saƙar faifai. Alhazai take sa wa su taho mata da kaba daga gida. Ganyen dabinon nan kuwa ta ƙi shi, ta ce yana karyewa kamar alkawarin ɗan tasi. Da kanta take rini, ja da baƙi da kore. Daga cibiya take farawa, ta matse ta tamau, sannan ta riƙa zagayawa, kowane layi ta ɗinke shi a jikin na bayansa da basilla. In ta gama sai ta fita tsakar rana ta ɗaga faifan sama. In haske ya ɓullo, ko da kamar tsinin allura ne, sai ta zauna ta warware daga baki har inda ramin yake, ko a ina yake.

"Inda rana ta bi, ƙura ma za ta bi," haka take cewa.

Abin da take yi wa aikinta shi take yi wa na kowa. Ina da shekara tara na gama faifaina na farko, mako uku ina fama. Na kai mata a gaban baƙi don su gani. Ta ɗaga shi ta taga, ta sauke, ta ɗauki basilla. Tana hira da baƙin tana warwarewa, ba ta ko dube ni ba, har ta miƙo mini kabata a dunƙule. Na fashe da kuka. Ta ce, "Kukan ma da rami a ciki." Na daure har shekara sha biyar, sannan na ce mata ni ba zan yi rayuwar bakin titi a Balad ba. Ta ce, "Madalla. Kaba ta huta."

Akwai wani abu kuma da masu yafiya ba su ambata ba. Ina da shekara sha ɗaya aka yi mini aiki a ciki. Baba ne ya shiga da ni asibiti, ita ba ta da katin nunawa a ƙofa. Kwana uku, daga hantsi zuwa magariba, tana tsaye a gindin wata katanga a tsallaken titi, cikin zafin Jidda. Ina hango ta ta taga. Da aka sallame ni ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kin rame kamar tsinken tsire, kin kuma hana ni kasuwa." Sannan ta durƙusa ta goye ni, ta hau da ni bene hawa huɗu, ba ta tsaya hutawa ba.

Wannan bikin da ake yi wa ado da fitilu yanzu, a saman rufin gidanmu na Ruwais ya fara, fushi kuma ya haife shi. Wata rana Gwaggo ta ji 'yar maƙwabta ta nuna faifai tana tambaya da Larabci mene ne wannan. Uwar yarinyar Bakatsiniya, ubanta Bazazzagi. Gwaggo ta yafa mayafi ta bi gida-gida tana zazzaga wa iyaye. Kwana uku bayan Sallah mata suka hau rufi da tukwane. Aka tuƙa tuwo, aka dama fura, masu lalle suka zauna a gefe guda, masu kitso a gefe guda, aka kifa ƙwarya a ruwa aka yi kiɗa, tsofaffi suka yi tatsuniya. Doka ɗaya ta kafa: duk yaron da bai roƙi abinci da Hausa ba, ba zai ci ba. Na ga 'yan shekara biyar riƙe da kwano suna kuka, ita kuma riƙe da ludayi tana jira.

"Ce a ƙara mini miya."

Uwar yaron ta ce, "Haba Gwaggo, yaro ne."

"Ke ma yarinya ce? Ai ke ya kamata in hana."

Rabin 'yan kwamitin yau a gaban ludayin nan suka koyi Hausar da suke yi wa baƙi jawabi da ita. Matan da suka hau da tukwanen kuwa, yawancinsu takari ne irinta. Rufi ba ya tambayar kati.

Shekara ta bi shekara, rufi ya yi kaɗan. Baba ya rasu, muka bar Ruwais, Gwaggo ta biyo ni gidan mijina. Samarin da suka samu aiki da takardu suka karɓi ragamar bikin, suka riƙa kama istiraha a bayan gari, irin gidan nan mai katanga da fili da ake haya don taro. Aka kawo lasifika, aka buga allo da Larabci, aka fara gayyatar manyan baƙi. Gwaggo tana da kujerarta kusa da teburin faya-fayanta. Takan yi mita tun daga gida har can, amma tun saura mako guda take fito da atamfarta ta biki ta rataye ta sha iska.

Shekara biyu da suka wuce mai istirahar ya kafa sharaɗi: duk mai shiga sai ya nuna kati a ƙofa. Kwamiti ya amince a zama ɗaya. Ina wurin, a ɓangaren mata. Ba wanda ya ambaci matan rufi, ni ma ban ambata ba. Da aka tashi yayana ya ce, "Ke za ki gaya wa Gwaggo, ke take ji."

Na same ta tana rini a bayan kicin. Na yi zancen zafi, na yi zancen tsadar tumatir.

Ta ce, "Uwata, in maganar ta fi ƙarfin bakinki ki ajiye ta ƙasa in ɗauka."

Na gaya mata. Ta ci gaba da juya kaba cikin jan ruwa.

"To. Tuwon fa, wa zai tuƙa?"

"An ba wa gidan abinci."

"Faya-fayan?"

"Su za a kai, Gwaggo. An ma buga sunanki a allo."

"Su sun samu iƙama ke nan."

"Don a kare ki ne. In aka zo kame..."

"Shekara talatin da shida ina kare kaina ba kwamiti."

Ta wanke hannu. Ta bi ɗaki ta kwashe faya-fayanta kaf, har wanda muke rufe tulun ruwa da shi, ta zuba a akwatinta na ƙarfe, ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zane. Ta ce, "Gidan da aka hana kaza shiga ba a kai masa ƙwanta."

Saura kwana biyu biki. Yayana ya yi ta kirana. An buga allo, an gaya wa manyan baƙi kowa zai tafi da faifai ɗaya na tsaraba. "Ki yi wani abu," abin da ya ce ke nan. Bai ce in je Balad ba. Ni na kai kaina. Akwai wani mutumin Jizan da ke sayar da marufai na ganyen dabino, zagayayyu, masu launi. Na sayi ashirin. Na san ba ɗaya ba ne. Nasu kitsa ganyen ake yi a ɗinke, sakwa-sakwa, ba su da cibiya. Amma da na kai, 'yan kwamiti, mutanen da suka girma suna cin tuwon da aka rufe da faifan Gwaggo, suka riƙa jujjuya su suna cewa, "Masha Allah, hannun Gwaggo ba ya ɓuya." Ko mutum ɗaya bai gane ba. Muka ɗaura wa kowanne 'yar takarda mai sunanta.

Ranar biki bayan la'asar Gwaggo ta sa atamfarta a ƙarƙashin abaya, ita da 'yar Damagaram suka tari tasi. Mai gadi ya nemi kati. Ba ta yi gardama ba. Ta koma gindin katanga ta zauna, ta ce da ƙawarta ji kawai ta zo yi. Kiɗan ƙwarya yana fitowa ta lasifika, na na'ura, don masu kaɗa ƙwaryar duk suna gidajensu.

Can sai wani baƙo ya fito da matarsa za su tafi da wuri, matar riƙe da tsarabarta. Ta ga tsofaffi biyu a zaune, ta tsaya gaishe su, ta nuna musu abin da aka ba ta. Ta ce aikin wata tsohuwa ce mai albarka, ta karanta musu sunan da ke jikin takardar.

Gwaggo ta miƙa hannu ta karɓa. Ta tashi tsaye, ta ɗaga wa rana. 'Yar Damagaram ta gaya mini daga baya cewa fuskarta duk ta cika da ɗigon haske, kamar an watsa mata gero.

Aka shigo aka kira ni. Na fito bakin ƙofa, mutane sun fara taruwa. Ina ciki, tana waje, mai gadi a tsakaninmu.

"Wa ya saƙa wannan?"

"Gwaggo, mu je gida mu yi magana."

"Na ce wa ya saƙa?"

"Saya aka yi."

"Wa ya saya?"

"Ni."

Ta gyaɗa kai. "Da wani ne sai in ce jahilci. Ke kin san cibiya."

Mai gadi ya juyo ya tambaye ni da Larabci ko na san ta. Ya ce in 'yar'uwar masu taron ce kuma ba ta da kati, dole ya kira mai gida. Baƙi suna kallo. Yayana yana kan lasifika yana jawabin al'adun iyaye da kakanni. Na amsa wa mai gadi da Larabci. Na ce, "Maƙwabciya ce. Ta tsufa, ta ruɗe."

Gwaggo ba ta taɓa yin Larabci a gabana ba. Ko ɗan tasi ya yi mata magana da Hausa take ba shi amsa. Na manta shekarun da ta yi tana ciniki a Balad.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana ya girma maraya, ya mutu ban ga gemunsa ba, ina nan ina wanke miki kashi. Maƙwabciya." Ta sunkuya ta ajiye marufin a ƙasa a hankali. Ta ɗago. "Ban yafe ba."

Suka juya suka nemi tasi. Ni kuma na koma ciki na ci gaba da raba wa baƙi sauran marufan. Wannan ma sai na rubuta shi.

Ba ta da wani gida sai nawa, don haka nan ta dawo. Daga ranar ba ta sake ce mini Uwata ba. In na kai mata abinci sai ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "An gode, maƙwabciya. Allah ya saka." In za ta yi alwala sai ta tsaya a ƙofar banɗaki, "Maƙwabciya, ko zan iya taɓa ruwanku?" Kullum, shekara biyu. Da zagina take yi da na fi samun sauƙi.

Mijina ya roƙe ta, ta ce masa ba ta shiga maganar mutanen gida. Yayana ya zo sau ɗaya da kwalbar turare, ta tare shi a ƙofar ɗakinta ta ce ya nuna kati. Ya yi dariya, ita ba ta yi ba, ya ajiye turaren ya tafi. Na ɗauko matar liman, ta zauna ta yi mata nasiha mai tsawo a kan falalar yafiya. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Gaskiya ne, Malama. Allah mai yafiya ne. Ni saƙa na iya." Ta daina zuwa Balad. Takan rufe ƙofa ta wuni a ciki, ina jin ƙarar murfin akwati. Na ɗauka saƙa take yi.

Na durƙusa mata ban san iyaka ba. Da na ga baki ba zai yi ba, na sa wata hajiya ta taho mini da kaba daga gida. Na zauna a falo, daidai inda za ta gan ni in ta buɗe ƙofa, na fara cibiya. Hannuna ya manta komai. Basilla ta huda mini yatsu har na daina jin zafi. Wata takwas ina yi. Takan wuce ta gabana zuwa alwala, idonta a kan bango.

Ƙafafunta suka fara kumbura, daga nan ƙirji ya kama. Likitan da muka kira gida ya ja mijina gefe ya yi masa magana. Saura kwana goma sha biyu ta rasu na ɗinke bakin faifan, layi ashirin da huɗu. Ban ɗaga wa rana ba, tsoro na ji. Da safe na shiga na durƙusa a gaban gadonta.

"Gwaggo, ga shi. Don Allah ki yafe mini."

Idonta ya riga ya yi rauni, hannunta ba ya ɗaguwa sama. Ta ɗora faifan a ƙirji ta bi shi da yatsu, daga tsakiya. Ta daɗe a wurin.

"Cibiya ta yi," in ji ta.

A duk rayuwata wannan ne yabon da na samu daga bakinta. Yatsunta suka ci gaba da zagayawa, suka tsaya.

"Layi na bakwai. Nan kika fara sauri. Miƙo basilla, maƙwabciya."

Daga baki ta fara warwarewa. Ni nake riƙe mata faifan. Rana ta farko layi biyu, ta biyu layi biyu, daga baya ɗaya da ƙyar, sai ta yi barci basilla a hannu. Kowace safiya nakan ce, "Gwaggo, ki yafe mini." Takan ce, "Ba mu kai ba tukuna." Na ga numfashinta yana raguwa, layukan kuma da saura. Wata rana na sa yatsa na fara ja mata zaren don mu yi gaba. Ta buge mini hannu, da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Saurin ne dai har yanzu."

Ranar Talata bayan azahar basilla ta faɗi a kan zanen gado. Saura layi uku mu kai.

Ban san abin da ta tanada a layi na bakwai ba. Na tambayi 'yar Damagaram, ta ce da kun kai da ta yafe. Washegari ta ce, "Jiya don ki samu barci na faɗa. Yadda na san ta, cewa za ta yi ki sake daga farko."

Bayan sadakar uku yayana ya zo kamar yadda ya ce, shi da matarsa. Na kwance makullin daga bakin zanen da aka cire mata, na buɗe akwatin a gabansu. Babu faifai ko ɗaya. Kaba ce damtse-damtse, duk ta nannaɗe saboda ta taɓa zama saƙa, an ware ja daban, baƙi daban, kore daban, an ɗaure kowane da tsumma. Abin da take yi ke nan a bayan ƙofa. Duk wanda ta kulle a ranar nan ta warware shi, har na tulun ruwa. A can ƙasa atamfarta ce ta biki a ninke, da kaset uku na ɗanta.

Matar yayana ta ce, "Kai, Gwaggo. Har a kabari."

Yayana ya shafa gemu. Can ya ce, "To, tayyib. Mutumin nan naki na Balad, yana nan?"

Na dube shi.

Ya ce, "To me? An riga an sanar da mutane. Wa zai gane? Mai ganewar ta tafi."

Na rufe akwatin na ɗaure makullin a bakin zanena. Bai ƙara tambayata ba. Na ji an riga an aika wani. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa wani abu mai sunan Gwaggo a bikin bana, ya fita waje ya ɗaga wa rana. Ba nata ba ne. Nata babu sauran ko ɗaya a hannunmu, ita ta ga dama haka.

Layuka ukun da suka rage ni na warware su, ɗaya a rana, yadda take yi. Jiya da tsakar rana na hau rufi da abin da ya saura, ɗan faifai kamar tafin hannu. Na ɗaga shi sama. Ramin yana nan a layi na bakwai, kamar tsinin allura, hasken ya sauka a idona. Gaskiyarta ce.

Na sauko na warware shi. Na buɗe akwati na ɗauki damtsen ja ɗaya daga kabarta, na jiƙa a ruwa don ta miƙe. Ko na gama babu wanda zan kai wa.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haɗa ta da ɗanta, ya shigar da ita inda ba a tsayar da kowa a ƙofa. Allah ya yi mata abin da ba ta yi mini ba.